Kare Lokacin Rubuta Kod: Tambayoyi da Amsoshi ga Injiniyoyin Manhaja da Manajojinsu

Kuka ɗaya ne ke yawan fitowa daga bakin injiniyoyin manhaja: an yini a bakin aiki, an amsa saƙo, an shiga mitin, an duba wa wannan an taimaki wancan, amma aikin da aka ɗauki mutum dominsa bai motsa ba sai bayan Isha'i, lokacin da kowa ya kwanta. Manajoji ma suna da nasu kukan. Sun ce a rage mitin, sun ce kowa ya keɓe lokaci a kalandarsa, bayan wata biyu komai ya koma gidan jiya. Tambayoyin da ke ƙasa daga ɓangarorin biyu suka fito. Zan faɗi inda na tsaya tun yanzu: mutum ɗaya ba ya iya kare lokacinsa shi kaɗai. Tambayoyi da matsalolin da ke katse shi ba sa ɓacewa don ya rufe ƙofa. Wani ne zai ɗauke su, kuma sai tawaga ta zauna ta faɗi ko wane ne.

Minti biyu kawai na ɗauka ina tambayarsa abu. Me ya sa ya ɓata rai kamar na ƙwace masa yini guda?

Domin abin da ka katse a cikin kansa yake, ba ka ganinsa a allo. Ɗauki misalin injiniyar da ke bin sawun wani kuskure a manhajar biyan kuɗi: ana cirar wa wasu masu saye kuɗi sau biyu, wasu kuma lafiya lau. Ta buɗe fayil shida. Ta lura abin yana faruwa ne idan intanet ɗin wayar mai saye ya yi rauni, manhajar ta sake tura buƙatar biya. Tana zargin lambar shaidar da ya kamata ta hana maimaici, sabuwa ake ƙirƙirowa a turawa ta biyu. A daidai wannan lokaci tana riƙe da wane sashe ne ke kiran wane, da abin da ke cikin teburan bayanai uku, da zato biyu da ta riga ta gwada ta watsar. Babu ko ɗaya da ke rubuce. Sai ga wani ya dafa teburinta: "Yi haƙuri, 'yar'uwa, mene ne kalmar sirrin sabar gwaji?" (Saba ita ce kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta.) Ta ba shi, ya yi godiya ya wuce. Ta juyo ga allo, fayilolin nan shida suna nan yadda ta bar su, amma sai ta sake bin hanyar daga tushe kafin ta tuna abin da ya sa ta buɗe na biyar.

Chris Parnin da Spencer Rugaber na jami'ar Georgia Tech a Amurka sun auna wannan. Sun duba zaman aiki kusan 10,000 na masu rubuta kod (umarnin da ake gina manhaja da shi) 86, suka kuma yi wa wasu 414 tambayoyi. Sau ɗaya cikin goma ne kawai aka ga mutum ya koma gyara kod cikin minti ɗaya bayan katsewa. Parnin ya taƙaita sakamakon da cewa ana ɗaukar minti 10 zuwa 15 kafin hannu ya koma kan rubutu. A 2009 kuma Sophie Leroy ta nuna cewa idan mutum ya bar aiki bai ƙarasa ba ya shiga wani, wani sashe na hankalinsa yana nan maƙale a na farkon. Ka ga ke nan shi ma mitin ɗin da aka janyo shi ciki bai samu cikakken mutum ba.

Ina yawan jin cewa sai an yi minti 23 kafin hankali ya dawo. Haka ne?

Adadin yana da asali, amma ana ɗora masa abin da bai ce ba. Daga binciken Gloria Mark ta jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya fito. Ita da abokan aikinta sun riƙa bin ma'aikatan ofis suna rubuta abin da suke yi da agogo a hannu. Abin da aka auna shi ne tsawon lokacin da ke wucewa kafin mutum ya komo kan aikin da aka katse, kuma a tsakani yakan taɓa wasu ayyukan kamar biyu. Ba wai yana zaune ne minti 23 yana jiran ƙwaƙwalwa ta farfaɗo ba.

Akwai abu biyu a aikinta da suka fi wannan adadi amfani, ba a cika ambatonsu ba. Na farko, kusan rabin katsewar mutum ne ke yi wa kansa: ya duba imel, ya leƙa waya, ba tare da kowa ya kira shi ba. Na biyu, a wani gwaji da aka wallafa a 2008, waɗanda aka riƙa katsewa sun gama aikin da sauri fiye da waɗanda aka ƙyale, sai dai sun biya da gajiya da takaici da matsin lokaci. Manajan da ya ce "ai suna gama aikinsu duk da hayaniyar" yana iya faɗin gaskiya, amma bai duba abin da hakan ke ci a jikinsu ba.

Awa nawa ya kamata a keɓe a rana?

A watan Yulin 2009 Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, kamfanin da ke zuba jari a sababbin kamfanonin fasaha, ya rubuta wata maƙala da har yau ake yawo da ita. Ya ce jadawali iri biyu ne. Na manaja a yanke yake awa-awa, mitin a wurinsa gurbi ɗaya ne cikin takwas. Na mai ƙera abu kuwa da rabin yini ake auna shi, mitin ɗaya a tsakiya yana raba yamma gida biyu, kowanne ya yi ƙanƙanta ga aiki mai wuya.

Gwada lissafin da kanka. Mitin na minti 30 da ƙarfe 11, wani na minti 30 da ƙarfe 2 na rana. A takarda awa ɗaya ce kacal ta tafi. A zahiri safiya ta ƙare tun 11 saura, tsakiyar rana ta tafi a abinci da Azahar da jiran mitin na biyu, abin da ya rage bayan 2:30 kuma La'asar za ta ratsa shi. Da an haɗa mitin ɗin biyu a jere daga ƙarfe 2, da an samu safiya ɗungurungum.

A ganina awa uku a jere, kwana huɗu a mako, abu ne da tawaga za ta iya riƙewa shekara da shekaru. Mai neman awa shida kullum zai samu mako ɗaya ko biyu, daga nan tsarin ya ruguje, kuma kowa ya ce ai da ma ba ya aiki.

Na toshe kalandata, na rubuta "lokacin natsuwa", amma ana ci gaba da ɗora mini mitin a kai. Me na yi ba daidai ba?

Ka yi shi kai kaɗai, shi ne matsalar. Mai neman gurbin da mutum shida za su haɗu, idan ya ga biyar a sake na shida ya toshe wa kansa, ya san wanda zai taka.

Akwai labarin da ya dace kowane manaja ya sani. Leslie Perlow, wadda yanzu take koyarwa a makarantar kasuwanci ta Harvard, ta yi wata tara tana nazarin injiniyoyin manhaja 17 a wani babban kamfanin Amurka, suna aikin wata sabuwar firinta. Ta wallafa sakamakon a 1999. Ta tarar da su cikin wani zagaye marar fita. Ana cikin matsin lokaci, don haka kowa yana katse kowa don ya samu abin da yake buƙata nan take. Katsewar tana jawo jinkiri, jinkirin yana jawo sabuwar gaggawa, wanda ya kwana a ofis ya warware gaggawar kuma shi ake yabawa. Aikin injiniyanci na ainihi sai da sassafe, ko da dare, ko a ƙarshen mako ake yinsa.

Sai ta sa suka gwada "lokacin shiru": kwana uku a mako, daga safe zuwa tsakar rana, babu mai katse wani, har da manajoji. Mafi yawansu sun ce aikinsu ya ƙaru, kuma kayan ya fita kasuwa a kan lokaci. Ga inda darasin yake: bayan an gama binciken, a hankali suka koma halinsu na da. Ba a canza abin da ake yabon mutum a kansa ba. Jarumin tsakar dare ne har yanzu ke samun ƙarin girma, wanda ya tsara aikinsa ya hana matsala aukuwa kuwa ba wanda ya gan shi.

Don haka abin da za ka nema shi ne awanni ɗaya ga tawaga duka, a rubuce, manaja ya sanar da sauran sassa da bakinsa, shi ma kuma ya kiyaye. Ranar da manaja ya fara cewa "wannan karon kawai", daga ranar dokar ta mutu.

To idan kowa ya yi shiru, wa zai amsa tambayoyin sashen tallace-tallace da ƙorafin abokan ciniki?

Mutum ɗaya, da sunansa, kuma ana karɓa-karɓa. Wannan ita ce tambayar da ke raba tsarin da ke ɗorewa da wanda ke mutuwa.

Injiniyoyin Google masu kula da lafiyar sabobi sun yi bayanin yadda suke yi a littafin da suka fitar a 2016. Sun ƙayyade cewa aikin kula da na'urori da amsa matsaloli kada ya wuce rabin lokacin injiniya, sauran rabin na gina abin da zai rage matsalolin ne. Sun kuma ba da shawarar a raba lokacin mutum sarai: idan ya zo aiki, ya san yau ranar gini ce ko ranar amsa kira, kada a haɗa masa biyun.

Ƙaramar tawaga ma za ta iya. Kowane mako mutum ɗaya ne ke duti. Sunansa yana saman zauren saƙonni inda kowa zai gani. Duk tambayar da ta shigo daga waje, shi ake nufa. Wadda ya iya, ya amsa. Wadda bai iya ba, ya rubuta ta ya ajiye har lokacin shiru ya ƙare, sannan ya kai wa mai ita. Idan abu ya lalace da gaske, shi ne ke da ikon tayar da wanda ya dace.

Sharuɗɗa uku ne ke riƙe da wannan tsari. Kada a ɗora wa mai duti aikin da ke da wa'adi a makonsa, in ba haka ba an mayar da shi mutumin da ya fi kowa shan katsewa kuma ana jiran ya kawo kaya ranar Juma'a. Idan ya samu sarari, ya rubuta amsoshin tambayoyin da ke maimaituwa, ko ya gyara abin da ke jawo su. Sharaɗi na biyu, kowa ya shiga layi, har manyan injiniyoyi. Na ga inda dutin ya zama na sababbin ɗauka kawai, ko kuma ya tare a kan mutum ɗaya mai kunyar cewa a'a, kuma ba a daɗe ba irin wannan mutumin ya fara neman aiki a wani wuri. Na uku, a hana zagaye. Akwai mai cewa "ni wane nake so, shi ya san abin." Amsar wane ita ce: "Wance ce ke duti wannan makon, tura mata, idan ta buƙace ni za ta neme ni." Sau biyu ko uku za a ji haushi, daga nan a saba.

Me ake kira gaggawa?

Manhaja ta tsaya, ko kuɗin mutane na tafiya inda bai kamata ba, ko bayanansu na fita, ko an samu kutse. Ku rubuta naku jerin, kada ya wuce layi biyar. Abin da ke cikinsa a kira waya. Abin da ba ya ciki ya jira tsakar rana, ko da daga ofishin shugaban kamfani ya fito.

Ranar da babu mitin kwata-kwata tana da amfani?

Tana da shi, da sharaɗi. Kamfanin Asana ya daɗe yana hana mitin ranar Laraba, tun wajen 2013. Shopify na Kanada ya wuce nan: a watan Janairun 2023 ya goge duk wani mitin mai maimaituwa da ya haura mutum biyu daga kalandar ma'aikata, ya ce a jira mako biyu kafin a maido da kowanne, ya hana mitin ranar Laraba, ya kuma tattara manyan taruka na mutum 50 zuwa sama cikin awa shida na ranar Alhamis. Daga baya a shekarar ya sa wa kalandar wani ɗan lissafi da ke nuna kuɗin da mitin zai ci idan aka auna da albashin mahalarta.

Abin da ya fi burge ni a matakin Shopify shi ne gogewar, fiye da Larabar. Idan aka hana mitin rana ɗaya ba tare da an rage yawansu ba, sai su tattara su cika Talata da Alhamis maƙil, an gudu ba a tsira ba. Gogewa kuwa tana tilasta wa mai mitin ya zo ya faɗi dalilin da zai sa a maido da shi, kuma da yawa ba mai zuwa nemansu.

Taron tsaye na kowace safiya fa?

Wannan ɗan gajeren taro ne da tawaga ke yi kullum, galibi a tsaye. Ƙa'idar Scrum, wani tsarin tafiyar da aikin manhaja, ta ba shi minti 15, kuma na masu aikin ne, don su daidaita tsakaninsu. Idan naku yana kai minti 40 kuma kowa manaja yake kallo idan yana magana, ya zama zaman ba da rahoto, a mayar da shi rubutu. In za a yi shi, a manna shi a gefe: farkon shiga aiki, ko dab da hutun rana. Taron tsaye da ƙarfe 10:30 yana cinye awa ɗaya da rabin da ke gabansa, don babu mai fara abu mai nauyi yana kallon agogo.

Yaya zan yi da manhajojin saƙo irin su Slack da Teams da WhatsApp?

Kashe ƙararrawarsu a lokacin shiru, ka rufe su gaba ɗaya idan za ka iya, wayar kuma ta koma cikin jaka. Ka tuna rabin katsewar nan da mutum ke yi wa kansa. Sannan tawaga ta amince a kan lokacin amsa, misali saƙon da ba na gaggawa ba a amsa shi cikin awa huɗu na aiki. Mutane suna zama a kan saƙonni ne saboda ba wanda ya taɓa gaya musu cewa jinkirin awa biyu ba laifi ba ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ke buƙatar ɗan gyara a wurin aiki. Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma ba na cewa a daina. Amma a rubuta "Salamu alaikum" a tsaya, a jira amsa, sannan "ya aiki", a jira, sannan "don Allah ina da tambaya", an katse mutum sau uku bai ma san abin da ake nema ba. A haɗa su a saƙo ɗaya: "Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Shafin rajista yana ƙin karɓar lambar waya mai farawa da +227 a sabar gwaji, ga hoton abin da yake nunawa. Ba gaggawa, kafin gobe da rana ya isa." An yi gaisuwa, an faɗi matsala, an faɗi wa'adi. Mai amsa zai buɗe sau ɗaya ya gama.

Oga ne da kansa ke katse ni. Yaya zan hana shi ba tare da an ce na yi rashin ladabi ba?

Kada ka hana shi, ka miƙa masa zaɓi. Shi ne ya ba ka aikin da yake katsewa, sau da yawa kuma ya manta. Idan ya leƙo ya ce ka duba masa wani rahoto, ka ce: "To, ranka ya daɗe. Ina tsakiyar gyaran biyan kuɗin nan da ka ce a gama kafin Alhamis. In ajiye shi in duba wannan yanzu, ko in kawo maka bayan Azahar?" Mafi yawan lokuta zai ce bayan Azahar. Idan ya ce yanzu, to ya zaɓa da saninsa, kuma idan Alhamis ta zo ba a gama ba, an san dalili.

Maganar tsarin gaba ɗaya kuma ba a tsaye a bakin tebur ake yinta ba. Ka yi mako biyu kana rubuta duk katsewar da ta same ka, da lokacinta da dalilinta, ka kai masa a zamanku na ku biyu. Takarda tana rage wa maganar kamannin ƙorafi.

Bitar kod ɗin abokan aiki ba ita ma katsewa ba ce?

Ita ce, amma jinkirinta yana tsayar da wani, tunda sai abokin aiki ya duba kod ɗin mutum kafin a shigar da shi cikin manhaja. Ƙa'idar da Google ta wallafa a kan bitar kod ta kama bakin zaren: kada amsa ta wuce ranar aiki ɗaya, amma idan kana tsakiyar aiki mai buƙatar natsuwa, kada ka katse kanka dominta, ka jira inda aikin ya yi gaɓa. A aikace, sau biyu a rana ya isa: bayan lokacin shiru, da kafin tashi. Mai turo kod kuma ya turo kaɗan-kaɗan. Layi 80 ana dubawa kafin shayi ya huce, layi 2,000 kuwa kowa zai riƙa ɗaga shi zuwa gobe.

Ni manaja ne, kuma ba na son hannuna ya mutu. In ci gaba da rubuta kod?

Ya danganta da yawan mutanen da ke ƙarƙashinka. Mai mutum uku ko huɗu yana iya yi. Mai takwas zuwa sama da ya ɗauki aikin da wasu ke jira, taura biyu ya sa a baki. Zai riƙa zama a mitin hankalinsa yana kan kod, ya zauna kan kod ana kiransa mitin, tawaga kuma tana tsaye tana jiran sashen da ya ce shi zai yi, ba kuma mai iya matsa masa tunda shi ne oga.

Ka ɗauki abin da babu mai jira: gyaran kayan aikin cikin gida, gwaje-gwajen kod masu sarrafa kansu da ke yawan nuna kuskure ba dalili, ƙananan kurakurai, bitar kod. Ka shiga layin duti lokaci-lokaci, nan ne za ka ga ainihin abin da ke cin mutanenka. Charity Majors, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin manhaja na Honeycomb, ta ba da wata shawara a 2017 da na yarda da ita: maimakon a haɗa biyun a lokaci guda, mutum ya yi 'yan shekaru yana manaja, ya koma injiniya, ya sake dawowa. Kowane zagaye yana ƙarfafa ɗayan.

Kuma ka sani, babban abin da za ka yi wa lokacin natsuwar tawagarka shi ne ka halarci mitin ɗin da ba sai sun je ba, ka dawo musu da layi biyar a rubuce.

Sababbin injiniyoyi fa? Ba za su maƙale ba idan an hana su tambaya?

Za su maƙale, kuma da yawansu ba za su faɗa ba. Wannan ita ce illar lokacin shiru da aka fi mantawa da ita. A ba sabon ɗauka ƙa'ida bayyananniya: ka gwada da kanka minti 30, ka rubuta abin da ka gwada, daga nan tambaya ta zama dole a kanka. A haɗa shi da mutum ɗaya da aka rage wa aiki don wannan, wanda yake da izinin katsewa ko a lokacin shiru. Zama biyu a kan kod ɗaya ma lokacin natsuwa ne, matuƙar su biyun abu ɗaya suke yi.

Ofishinmu buɗaɗɗe ne, kowa na ganin kowa. Abin toshe kunne ya isa?

Yana rage hayaniya, ba ya hana a dafa ka. Tom DeMarco da Timothy Lister sun ba da rahoto a littafinsu Peopleware na 1987 a kan gasar rubuta kod da masu aiki sama da 600 daga kamfanoni 92 suka shiga. Cikin waɗanda suka fi ƙwazo, kashi 57 cikin ɗari sun ce wurin aikinsu yana da shiru daidai gwargwado, cikin na ƙasa kuwa kashi 29 ne. Kashi 38 na na sama sun ce ana yawan katse su ba dalili, na ƙasa kashi 76. Wannan bai tabbatar da cewa shirun ne ya haifar da ƙwazon ba, yana iya zama kamfanin da ke daraja shiru shi ne ke jan gwanaye, amma ko ta wace fuska manaja ya duba, amsar ɗaya ce.

Hujjar da ake kafawa cewa buɗaɗɗen ofis yana ƙara cuɗanya ma ta sha suka. Ethan Bernstein da Stephen Turban sun auna kamfanoni biyu kafin da bayan an rushe bangayen, suka wallafa a 2018: magana fuska da fuska ta ragu da kusan kashi 70, saƙonni suka ƙaru. Idan ba za ku iya canza ginin ba, ku keɓe ɗaki ɗaya da ba a magana ko amsa waya a cikinsa.

Daga gida nake aiki, a Kano, kamfanin kuma yana waje. Me ya bambanta?

Agogo yana iya zama abokinka. Ƙarfe 9 na safe a San Francisco ƙarfe 5 ne na yamma a Kano ko Damagaram daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 6 kuma a sauran watanni. Ke nan safiyarka da ranarka duka naka ne, sai dai mitin zai riƙa faɗowa kan Magariba, don haka ka sa lokutan salla a kalanda tun makon farko. Haɗarin a nan shi ne ka yi cikakken yini kana kod, sannan ka yi wani rabin yinin da dare kana amsa saƙo. Ka yanke lokacin rufewa ka sanar. Mai aiki da Landan ko Balin ba shi da wannan garaɓasa, bambancin bai wuce awa ɗaya ba, shi sai ya nemi lokacin shiru kamar kowa.

Sauran abubuwa biyun da suka bambanta su ne wuta da mutanen gida. Ka ɗora awanninka masu nauyi a lokacin da ka fi tabbacin batir ko sola, ka sauke abin da kake buƙata tun kafin intanet ya yi halinsa. A gida kuma, wanda ya gan ka zaune yana ɗauka kana da sarari, aike da baƙi ba sa ƙarewa. A zauna a yi magana da iyali sau ɗaya, a faɗi awannin, a kuma cika alkawarin fitowa idan sun ƙare. Idan gidan ya gagara, kuɗin kujera a cibiyar aiki ta haɗaka yana biyan kansa.

Idan dole ne in tashi a tsakiyar aiki, akwai dabarar da ke sauƙaƙa dawowa?

Minti ɗaya na rubutu kafin ka miƙe. Injiniyar nan mai bin kuskuren biyan kuɗi za ta rubuta a saman fayil: "Zato: ana sabunta lambar shaida a turawa ta biyu. Na duba sashen waya, lafiya. Saura in duba inda sabar ke karɓa, layi na 140." Wasu kuma suna barin gwaji ɗaya yana faɗuwa da gangan, idan sun dawo jan rubutun ya nuna musu inda suka tsaya. Masu salla suna da wannan damar sau biyu a lokacin aiki, tunda an san lokacin tashi tun kafin ya zo, ana iya kai aikin gaɓa.

Tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo, minti 25 na aiki da 5 na hutu, yana taimakon wanda ya kasa farawa. Idan ka riga ka nutse, kashe agogon.

Ta yaya za mu gane tsarin yana aiki?

Kada a ƙirga layukan kod, kada kuma a sa wa mutane manhajar leƙen allo, duka biyun suna koya wa ma'aikaci nuna aiki maimakon yinsa. A buɗe kalandar kowa a ƙirga gurabe nawa na awa biyu zuwa sama ya samu a mako ba tare da komai a ciki ba, kafin a fara da kuma bayan wata guda. A duba littafin mai duti: tambayoyi nawa suka shigo, nawa ne suka maimaitu, nawa aka kira gaggawa alhali ba su cikin jeri. A duba lokutan da ake tura kod, idan har yanzu mafi yawansa bayan ƙarfe 10 na dare yake shigowa daga mutanen da ke aikin rana, akwai inda tsarin ke yoyo. Sannan idan lokacin duba ƙwazo na shekara ya zo, manaja ya sa makonnin duti, da rubuce-rubucen da suka rage tambayoyi, da gyaran da ya hana matsala maimaituwa cikin abin da ake auna mutum da shi don ƙarin girma, a rubuce a fom ɗin, daidai da sababbin abubuwan da ya gina.